Harsashi Ɗaya a Bindigar Marigayi

Ni ɗan maharbi ne, kuma abin da ya fara cutata ke nan. A ƙauyenmu da ke kudancin Kano, tun ban kai tsayin bindigar mahaifina ba nake kallon yadda ake ɗura mata albarushi, a cusa tsumma, a daddanna da sanda. Na san warinta, na san nauyinta, na kuma san lalurarta. In ta daɗe a ɗaki mai laima, ko damina ta wuce a kanta ba a kula da ita ba, sai ka ja kunama ka ji ƙyas, babu komai. Albarushi ya sha sanyi, ya mutu. Da wannan ɗan sanin na girma, da shi na zo Riyad, ina ganin a duniya babu mai koya mini bindiga.

Tuƙi ne ya kawo ni. Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana, take hannunsa, wani dattijo ne mai son sahara. Ni nake tuƙa iyalinsa a cikin gari, amma yana da wata tsohuwar jif da ba ya ba kowa makullinta. Da ita yake shiga daji shi kaɗai, ya kwana biyu ko uku, ya dawo fuska ta yi baƙi yana murna. A bayan gari yana da istiraha, gidan hutu mai katanga, da bishiyoyin dabino da 'yan tumaki. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai aka tura jif ɗin cikin wata rumfar kwano a istirahar, aka ja ƙofa. Shekara goma sha uku tana nan. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni kuma na koma hannun babban ɗansa mai ofis a unguwar Ulaya, wanda tun yana ɗan makaranta nake kai shi ina ɗauko shi. Shi ne maigidana har yau, kuma har yau "ya ammi" yake ce mini, wato baffa.

Mai kula da istirahar wani Badamagare ne, tsarana. Shi ke ban ruwa, shi ke hawan dabino, shi ke kiwon tumakin. Duk wanda ya san tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san ba ma gaisawa sai da tsiya. In na shigo da mota zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ga bawana ya iso, me ka kawo wa ubangidanka?" Ni kuma in ce, "Buɗe mini ƙofa, bawa, kafin in sayar da kai a kasuwar tumaki." Sai mu yi dariya, ya dafa shayi mai kauri irin nasu, mu zauna a inuwa. A garin da ba ka da dangi, wanda zai zage ka kullum ka ji daɗi ba ƙaramin arziki ba ne.

Wata rana maigida ya ce mini, "Ya ammi, an sami mai sayen motar baba. Je ka fitar da abin da ke cikinta, ku wanke ta."

Da hantsi na isa. Ni da Badamagare muka ja ƙofar rumfar, zafi ya buso mana kamar an buɗe tanda. Motar ta zauna daɓas a ƙasa, tayoyin sun tsattsage. Robar da ke bakin gilashi tana marmashewa a hannu. Fatar kujera ta dare, batir ya kumbura, wata gorar ruwa da aka bari a ciki ta lanƙwashe ta yi fari. Zafin Riyad bai bar komai da rai a motar nan ba. Haka idona ya gaya mini, kuma na yarda da shi.

Na zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, sai na taɓo wani ƙunshi mai nauyi, an naɗe shi da jan rawanin nan nasu. Na warware. Ƙaramar bindiga ce baƙa, irin wadda Larabawa ke kira musaddas, tsawonta bai fi tafin hannu da rabi ba. Ƙura ta shiga duk wani lungu nata.

Badamagare ya ja da baya. Ya ce, "Bakano, ajiye ta yadda ka gan ta. Kira maigida."

Na ce, "Kai, matsoraci. Ka san gidan da na fito kuwa? Ubana da bindiga ya ciyar da mu."

Ya ce, "Ubanka gafiya yake harbi. Wannan ba ta gafiya ba ce."

Na yi dariya, amma maganar ta ɗan sosa ni. Na riƙa jujjuya ta, ina lalube, har babban yatsana ya danna wani ɗan maɓalli a gefe. Sai gidan harsasan ya zamo daga cikin mariƙin ya faɗo mini a hannu. Na duba. Harsasan suna jere, suna ƙyalli kamar jiya aka zuba su. Da ina da hankali, wannan ƙyallin kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Komai na motar ya lalace, su ko dusashewa ba su yi ba. Amma ban tsaya ba. Na ɗora gidan harsasan a kan motar, na ɗaga bindigar na ce, "Ka gani? Na zare mata hanji. Yanzu ƙarfe ne kawai."

A raina dalili biyu nake da shi, kuma kowanne ina ganin ya isa. Na farko, na cire harsasai, ga su can ina kallonsu. Na biyu, ko da akwai saura, shekara goma sha uku ai ta kashe shi. Bindigar mahaifina damina ɗaya take kashe ta.

Badamagare ya saki jiki da ya ga harsasan a waje. Ya matso, ya leƙa, ya ce, "To yanzu sai ka sa ta a aljihu ka kai Kano. Ku da ko gawa kuka tsinta sai kun tambayi nawa za a saya."

Na ce, "Da kai zan haɗa, in yi ragi."

Ya ce, "Wa zai sayi ubangida a hannun bawansa?"

A nan ne na yi abin da na yi. Na ja baya taku biyu, na miƙe hannu, na nuna masa bakin bindigar wajen gwiwa, na ce, "Yau za a san waye bawa. Durƙusa ka gaida ubangidanka."

Yana dariya ya ce, "Ko da igwa ka zo."

Mahaifina ya taɓa marina sau ɗaya a rayuwarsa, ranar da na nuna wa ƙanena bakin bindigar da babu komai a cikinta. Ya ce ba a nuna wa mutum, ko da wasa, ko da babu komai. Na san wannan. Ban manta ba. Kawai dai a lokacin ina son in ji ƙyas ɗin nan, in ga ya zabura, in samu abin tsokanarsa na shekara guda.

Na ja kunama. Ta ɗan yi tauri, sannan ta tafi.

Har yau ban iya kwatanta ƙarar ba. A cikin rumfar kwano ce, sai na ji kamar rufin ne ya faɗo mini a ka. Hannuna ya yi sama da kansa. Wani ɗan kwanso mai zafi ya yi tsalle ya bugi ƙofar motar, ya gangara ƙasa yana juyawa, ni kuma na tsaya ina kallonsa kamar shi ne abin kallo. Kunnena ya toshe. Can nesa nake jin tumaki suna gudu suna karo da katanga. Ina ta maimaitawa a raina, ai na cire, ai na cire. Na waiwaya na dubi saman motar. Gidan harsasan yana nan inda na ajiye shi.

Sai na dubi Badamagare. Dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba. Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Bakano?" kamar mai tambaya ko ni ne. Sannan ya durƙusa. Abin da na ce ya yi, shi ya yi, jini yana bin wandonsa yana shiga takalminsa na roba.

Ban san lokacin da na yar da bindigar ba. Da jan rawanin marigayin na ɗaure masa cinya. Na ɗauke shi, mutumin da ya fi ni jiki, na sa shi a bayan mota. A hanya bai zage ni ba, bai yi ihu ba, salati kawai yake yi yana cije baki. Ni kuwa, shekara ashirin ina tuƙi a garin nan amma na ɓace hanyar da nake bi kullum. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa suka tsayar da jinin, suka kira askarawa, wato 'yan sanda, sannan aka wuce da shi babban asibiti a unguwar Shumaisi.

A farfajiyar asibitin maigida ya same ni, ya taho daga ofis ko rawani babu a kansa. Ya riƙe kafaɗata ya ce, "Ya ammi, me ya faru?"

Na ce, "Bindigar baba ce. Muna fitar da kaya ta faɗi ƙasa, ta tashi."

Ban shirya ƙaryar ba. Ita ta fito da kanta, kamar tana jira a bakina. Amma na san abin da ya haife ta. Baƙo mai iƙama da ya nuna wa mutum bindiga ya harbe shi, gidan yari ne, daga nan a sa shi a jirgi. 'Yata ta fari tana tsakiyar karatun jinya a lokacin, ƙannenta huɗu suna bayanta, duk da tuƙin nan suke ci.

Bayan kwana biyu, da aka yi wa Badamagare aiki ya farfaɗo, wani jami'i ya tara mu a ɗakin da yake kwance: ni, da maigida, da shi a kan gado an ɗaga ƙafar sama. Jami'in matashi ne, ba ya ɗaga murya. Ya ce sun duba bindigar. Ya ce irin wadda take ɗora wa kanta harsashi ce. In an shirya ta, ɗaya yana hawa ya zauna a cikin bututun, sauran suna jira a gidansu. Ko ka cire gidan, wancan ɗayan yana nan sai an fitar da shi daban. Marigayi ya bar ta a shirye, wataƙila saboda kwanan daji.

Na ce, "Amma shekara goma sha uku."

Ya dube ni. Ya ce harsashin irin wannan a rufe yake ruf, iska ba ta shiga, kuma ƙasarsu babu laima. Ya ce ko ta ƙara wasu shekarun da yawa za ta tashi. Ya ce an ƙera ta ne don yashi da zafi da wulaƙanci, shi ya sa masu shiga sahara suke sonta. Ya juya wajen maigida ya ce, "Mahaifinka ya san abin da ya saya. Yau ta fi motar da aka same ta a ciki daraja."

Duk abin da na ɗauka na sani, na bindigar toka ne, na ƙauye mai damina. Na kawo shi wata ƙasa, na ɗora a kan wani ƙarfe daban, na auna gwiwar mutum da shi.

Sai jami'in ya ce, "Saura abu ɗaya. Wannan ba ta tashi don ta faɗi. Akwai abin da ke tare ta a ciki, sai an ja kunama. Ko daga kan soro ka jefo ta ba za ta tashi ba. Yatsan wani ya ja. Na waye?"

Ɗakin ya yi tsit. Ina jin na'urar sanyaya ɗaki, ina jin wata mata tana kiran ma'aikaciyar jinya a waje. Badamagare ya juyo da kansa a kan matashi ya dube ni. Ni kuma na dubi tayil ɗin ƙasa. Na san adadin layukan da ke tsakanin takalmina da ƙafar gadon, don su na zauna ina bi da ido.

Can sai na ji muryarsa, da Larabcinsa na kasuwa. Ya ce, "Nawa ne. Ni na ɗauka ina wasa da ita. Kunya ce ta sa na ce masa ya ce faɗuwa ta yi."

Jami'in ya daɗe yana kallona kafin ya rubuta. Ban ɗago ba.

Da ya fita, maigida ya juya kan Badamagare. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, don shi ma an yi ta kai shi ana kawo shi a kan takardun bindigar mahaifinsa. Ya ce, "Na ba ka amanar gida, kai da furfurarka, ka ɗauki makami kana wasa kamar yaro? Da ammi ka samu fa? Da shi ka kashe fa?" Yana faɗa yana nuna ni. Ni ne wanda ake tausayi. Na tsaya a wurin aka tausaya mini.

Gwiwar ba ta koma daidai ba. An sa mata ƙarfe, ba ta lanƙwasuwa. Wanda ba ya iya hawa dabino, ba ya iya bin tumaki, ba shi da aiki a istiraha. Da ya fara takawa da sanda, maigida ya yi masa takardar fita ta dindindin. Ni na kai shi filin jirgi. A hanya na buɗe baki sau uku, sau ukun ina rufewa. Da zai sauka ya ce, "Ɗauko mini jakata, bawa." Na ɗauko. Ban iya rama masa ba, kuma tun daga ranar ban sake ce wa wani Badamagare bawa ba.

Shekara tara na ƙara a Riyad bayan wannan. 'Yata ta gama karatu, ta yi aure, ƙannenta sun tasa. Nakan aika wa Badamagaren nawa man shafawa na ciwon gaɓoɓi in na sami mai tafiya, nakan kira shi da Sallah mu gaisa sama-sama. Na yi ta gaya wa kaina ai shi ya zaɓa, ban roƙe shi ba. Wannan maganar takan riƙe ni da rana in ina cikin zirga-zirga. Amma duk ranar da aka aike ni istiraha, na wuce rumfar nan, sai kunnena na dama ya fara ƙara.

Bana idona ya fara gazawa, na gaya wa maigida zan koma gida. Saura mako uku in tafi, muna tsaye a danja a Ulaya, yana bayan mota yana duba waya, jirgin ƙasan nan na cikin gari da aka gina a gabanmu yana ta hidimarsa. Ban shirya wannan ma ba. Na ce, "Maigida, ni na harbe shi."

Ya ce, "Wa?"

Na gaya masa duka, tun daga ƙunshin har tayil ɗin asibiti. Danja ta ba mu hannu, na baya suna ta matsa mana oda, ban motsa ba sai da na kai ƙarshe. Na dube shi ta madubi. Bakinsa a buɗe yake, wayar ta zame kan cinyarsa.

Ya ce, "Kai, ya ammi? Kai da ka hana ni riƙe wuƙar yanka ina yaro?" Sannan ya ce, "La haula. Na zage shi a gabanka. Na ce masa maci amana. Kana tsaye."

Na ce, "Ina tsaye."

Muka isa ofis. Bai fita ba. Ya ce, "Kira shi. Yanzu."

Na kira, na sa yadda duk za mu ji. Aka ɗauka, ina jin kukan awaki da muryoyin yara a bayansa. Na ce masa ga maigida, na gaya masa gaskiya. Maigida ya karɓa ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce ya zalunce shi da baki, ya ce zai gaya wa 'yan uwansa duka, har waɗanda suka ji zagin daga baya. Badamagare ya ce babu komai, Allah ya jiƙan dattijo, ya yafe.

Sannan ya koma Hausa. Ya ce, "Bakano, kana ji?"

Na ce, "Ina ji."

Ya ce, "Harbin ban taɓa riƙe ka da shi ba. Wasa muke yi, ni ma na ga harsasan a waje, ni ma na ɗauka babu komai. Wannan na bar shi tun a cikin mota. Amma ranar da askar ɗin nan ya yi tambaya, na jira ka. Sai da na ja numfashi goma ina kallonka. Na ce yanzu zai ɗago. Da ka ɗago ka ce kai ne, wallahi da na ƙaryata ka, da na rantse ni ne, don na san yaranka. Ƙafar ta riga ta tafi, ba zan bari a yi asara biyu ba. Kawai so nake in ji ka faɗa."

Na zauna riƙe da wayar. Shekara tara ina ɗauka abin da na ɗauke masa gwiwa ce da aiki. Ban taɓa sanin abin da ya nema a wurina bai wuce in buɗe baki ba, kuma ko da na buɗe, babu abin da zai same ni.

Ya ce, "Ka mutu ne?"

Na ce, "Ni ne. Ni na ja kunamar."

Ya ce, "To. Yanzu na ji. In ka sauka Kano, kar ka zauna. Ka hau mota ka zo Damagaram. Akwai ruwan da za a ɗebo mini, ƙafar ba ta zuwa rijiya, kuma na daɗe ba ni da bawa."

Na sayi tikitin jirgi zuwa Kano. Na gaya wa iyalina kwana biyu zan yi in wuce Damagaram, kuma na gaya musu dalili, har 'yar tawa. Maigida ya ba ni wasiƙa da hannunsa in kai wa Badamagare. Tana cikin aljihun rigata tare da fasfo, ban buɗe ba.